Kalma Biyu Suka Rage wa Mai Aski

"Fita!" in ji Mai Aski, alhali hannunsa na riƙe da nata gam.

Auta ta dubi uwarta, ta dube ni. Wuni guda ta yi a mota don ta ga mahaifinta, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, ni ce fa."

"Fita... fita." Hawaye na gangara masa zuwa kunne.

Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha tara. Kafin mutumin nan ya faɗo daga tsani kansa ya bugi siminti, bakinsa ya fi almakashinsa gudu. Maigidana kan tafi askin minti goma, sai bayan awa biyu ya dawo riƙe da ciki don dariya. Likita ya ce hankalinsa na nan, komai yana ji, hanyar maganar ce ta toshe. Kalma biyu suka rage masa: "fita", da wani ashar da bai taɓa yi ba da lafiyarsa. Ƙishirwa da su yake faɗa, godiya ma da su. Abokai suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Kar ki bi ta bakin, 'yar nan," in ji uwar. "Dubi hannun."

Amma Auta ta zare hannunta ta gudo ɗakina. Shekara biyu ke nan da suka yi faɗa kan aikin da ta samu nesa, kuma da wannan kalmar ta "fita" ya sallame ta ranar.

"Inna, har yanzu bai huce ba," ta ce.

"Ni ma da na kai masa ruwa ashar ya ɗura mini. Kin ga na fasa zuwa?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Sai bayan kwana biyu ta koma wurinsa. Ta zauna bakin gado, ya yi ta kokawa da leɓensa har jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito dai "fita" ne. Wannan karon ba ta motsa ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, tana goge masa fuska.

Da mutane suka watse ta same ni a bakin ƙofa.

"Inna, me yake so ya ce mini?"

Na matsa gefe, ta zauna kusa da ni. Inuwar katanga ta janye daga ƙafafunmu, babu wadda ta tashi.