Goro Dubu da Tara

A zamanin da Bature ke mulki a Tamale, Nashiru mai ɗinki ya samu ɗa namiji, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya saki hannu. Ya aika Kumasi aka kawo masa goro ƙwarya goma, wato dubu cif, mai goron kuma ya ɗora tara gyara. Don neman suna Nashiru ya sa aka yi shelar adadin a unguwarsu ta Sakasaka, kowa ya ji da kunnensa.

Ranar suna da hantsi aka ɗora wa wansa Imoru rabo. Imoru kuwa shekara da shekaru yana rabon goro a unguwar nan, ba a taɓa cewa ya fifita wani ba, ba shi da abin taƙama da ya wuce wannan.

Ya baje goron a tabarma, ya kasa biyu, na Hausawa da na Dagomba. Ɗaya ya yi saura. Yana cikin sosa ƙeya sai ga Mosawa sun iso, ya rushe ya kasa uku. Ɗaya ya yi saura. Zabarmawa suka yi sallama, ya kasa huɗu, ga ɗayan nan dai zaune tsakiyar tabarma kamar baƙon da ba a gayyata ba. Mahauta, direbobin motar goro da masaƙa duk suka ce a ware musu nasu, kashi ya zama bakwai, ɗaya kuma bai fasa saura ba.

Tsoro ya kama Imoru sosai. In ya ƙara wa wani kashi, an ce ya yi son kai. In ya jefa a baki, an ce mai rabo ya ci amana a gaban dattawa.

Malam Zubeiru, mai koyar da hisabi a zaurensa, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Imoru, kada ka wahalar da kanka. Akwai adadi mai taurin kai. Dubu da tara ba ya rabuwa daidai, ko gida nawa ka kasa, sai dai mutum dubu da tara su ɗauki ɗai-ɗai, ko mutum guda ya kwashe. Amma dubu da takwas ɗan halak ne, biyu, uku, bakwai, tara, duk yana yarda."

"To Malam, ɗayan fa?"

"Wannan kuma ba hisabi ba ne."

Ana cikin haka tsohuwa Alimatu, ungozomar unguwa, ta leƙo daga cikin gida tana ɗaura ɗankwali.

"Kai Imoru! Rabin mazan da ke kan tabarmar nan ni na yanke musu cibi. Ina kashina?"

Dattawa suka sunkuyar da kai. Imoru ya ɗauki goro ɗayan nan da ya yi saura da hannu biyu, ya durƙusa har ƙasa ya miƙa mata.

"Inna, tun safe yake jiranki, ya ƙi bin kowa."