Hannun Ango Ya Fita Daga Ja

Sati bakwai Kaka ta yi tana gadin wani akwatin ƙarfe, makullin a ɗaure a bakin zaninta. A ciki take ajiye fakitin gyaɗar nan da asibiti ke ba yara masu tamowa. Na jikanta ne, ɗan wata goma sha huɗu, wanda take tsokana da Ango. Uwarsa ta rasu ta bar mata shi da yayyensa uku.

Ranar da ta fara kai shi, ko wuyansa ba ya iya riƙewa. Malamar awo ta zagaya masa tef a damtse, tef ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Ta ce, "Kaka, wannan magani ne fa, ba abin lasa ba. Nasa ne shi kaɗai."

To, Kaka irin mutanen nan ce da in ka faɗa musu magana sau ɗaya, shi ke nan. In tana ba Ango, yayyen su zagaye ta suna haɗiyar yawu, ita kuwa ta ɗaure fuska tamau. Wata rana ta kama ta tsakiyar tana lasar ledar da aka yar a shara. Ta kwaɗe mata hannu, sannan ta zaga bayan ɗaki ta sha kukanta.

Maƙwabciyarta, matar tela, ita ma ana ba ɗanta, amma kowane fakiti kashi biyar take yi masa, duk yaran gidan su lasa. Takan ce, "Kaka, kin cika bin doka. Sauran ba su da ciki ne?"

Kaka ta ce, "Ke dai ba kya tsoron Allah."

Ango kuwa ya fara murmurewa. Kumatu suka fara fitowa, har ya koyi fizge mata ɗankwali. Ta ce, "Ka ji miji! Daga samun ƙarfi sai cin zali?"

Ranar awo ta yi masa wanka, ta shafe shi da mai, ta goya shi tana taƙama. Tun daga bakin ƙofa ta ga abin ba kamar kullum ba. Tebur uku ake sawa a rumfar, yau ɗaya ne. Ɗakin ajiyar da kwalaye ke kaiwa rufi an bar shi a buɗe, 'yan kwalaye ne a kusurwa, sauran duk siminti.

Shugaban wurin ya fito, bai ko kalli mata ba. Ya ce masu ba da taimako sun janye hannu, abin da ya rage ba zai kai ko'ina ba. A da sai yaro ya kai kore ake sallamarsa. Daga yau, wanda ke kan ja kaɗai za a ba. Ya juya ya shige ofis, ya bar rumfar da salati.

Matar tela ce a gabanta. Aka auna ɗanta, ja. Aka zuba mata fakitinta a jaka, ta wuce kanta a ƙasa.

Kaka ta sauke Ango. Malamar ta zagaya tef, ta duba, ta kwance, ta sake zagayawa. Ya wuce ja da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba, ya shiga ruwan ɗorawa.

"Kin yi ƙoƙari, Kaka," in ji ta, murya can ƙasa. "Duk cikinsu ke kaɗai kika yi yadda na ce."

"To, zuba mini."

"Ba zan iya ba."

Wani abu ya taso wa Kaka. Haushi ne, haushin da ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta tuna hannun yarinyar nan da ta kwaɗe. A kan me? A kan ta cika alkawarin mutanen da suka tattara nasu suka tafi ba ko sallama!

Ta sunkuya. "'Yata, ja tef ɗin kaɗan mana. Fatar yaro ce, za ta shige."

"Shugaba yana sake auna duk wanda na rubuta. In ya kama ni, ni ma sallama ce, kuma ni kaɗai na rage a nan."

"A gida fa sau ɗaya nake ɗora tukunya. Wata ran ma babu."

"Na sani, Kaka. Wallahi na sani." Ta kasa ɗaga ido. "In ya koma ja, ki dawo da shi."

Kaka ta kalli damtsen da ta raya da hannunta. Ango ya kama tef yana son sawa a baki, yana ta dariya. Na bayanta suka fara tsaki, ana cewa a yi a ba mutane wuri.

"Ƙafata ba ta da lafiya, kuma nan da gida tafiya ce," in ji Kaka. "Ba na son in zo a sake korata. Ke kika san aikinki. Kwana nawa zai ɗauka?"

Kaka ba ta motsa ba.

"Irinsa," in ji malamar da ƙyar, "sati uku."

Kaka ta ɗaga Ango ta saɓa a baya. Ya yi nauyi, sai da ta yi nishi kafin ta ɗaure zanin.

"To," ta ce. "Sai sati uku."