Ja da Kore a Idon Mainasara

Saminu ya goge "Amince" daga kan maɓallin, ya goge "Soke", ya bar da'ira biyu babu rubutu, ɗaya kore ɗaya ja, sannan ya musanya musu wuri. Samfuri ɗaya ne ke ba maɓallan manhajar siffarsu, don haka yana taɓa shi kowane shafi ya sauya.

Tun suna firamare a Sandamu ya san idon Mainasara ba ya bambance ja da kore, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu shagonsu ɗaya a Daura, shi yana haɗa manhaja, Mainasara yana tallata ta da zaƙin bakinsa. Amma ranar Juma'a, a majalisar ƙofar shago, a gaban yayan yarinyar da Saminu ke nema, Mainasara ya miƙe yana kwaikwayon in'inar Saminu, yana lumshe ido yana buga ƙafa. Har mai shayi sai da ya riƙe ciki.

"Wasa ne fa, abokina," ya ce daga baya.

Da hantsi fataken shanu na Kongolam suka cika ɗakin taro, sun zo ganin manhajar da za ta riƙa yi wa dabbobinsu rajista. Saminu ya zauna can baya ya harɗe hannu. Mainasara na ta zuba bayani, sai allo ya nuna da'irorin nan. Yatsansa ya tsaya cak a iska. Ya danna ta dama, inda ya saba, bijimai duka suka ɓace daga allo.

"Malam, ina shanun?" in ji Alhaji Dabo, shugaban fataken. "Ja ka danna ai. Ko yaro ya san kore ake dannawa."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Wani sanyin daɗi ya ratsa zuciyar Saminu.

Mainasara ya share gumi, ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Alhaji, ni idona ba ya raba ja da kore, haka Allah ya yi ni," ya ce a hankali. "Ga wanda ya haɗa ta can, shi zai ƙarasa muku bayani."

Dariyar ta mutu. Kawuna suka juya baya gaba ɗaya. Saminu ya miƙe, ya buɗe baki, in'ina ta riƙe masa sallamar a maƙogwaro. Mainasara ya sunkuyar da kai yana jira, fataken ma suna jira.