Zauren da Ya Daina Amsawa

Shekara biyu na yi ina rubuta kiɗan nan, Yayana ya kashe min shi da kafet da soso.

Aikina tsara kiɗa ne, irin na ƙaramin taro: masu goge uku da mai sarewa ɗaya, ba ganga, ba lasifika. Wannan kuwa na gina shi ne a kan littafin waƙoƙin Umma, wadda ta ƙare rayuwarta tana aiki a babban laburaren garinmu. Zauren karatun yana da doguwar ƙubba, bango da daɓe duk dutse, ko tari ka yi sai ya dawo maka. In an tashi aiki, Umma kan tsaya a tsakiya ta karanta baiti ɗaya, ta yi shiru ginin ya maimaita mata, sannan ta ci gaba, ni da Yaya muna ƙarƙashin tebur muna ƙyalƙyala dariya. Shi ya sa ta bar fili bayan kowane baiti a littafinta. Ni ma shi ya sa na bar shiru bayan kowace gaɓa ta kiɗana. Shirun nan rabon zauren ne, shi ne makaɗina na biyar.

Yaya mai zanen gine-gine ne, shi aka ba gyaran laburaren, ni kuma aka ce in yi kiɗan ranar buɗewa. Mutane suna ta cewa abu ya yi kyau, 'ya'yan marigayiya sun haɗu. An rufe wurin tun fara aiki, ban sa ƙafa ba sai ranar gwaji.

Ina shiga na ji kamar an cusa min auduga a kunne. Kafet mai kauri tun daga bakin ƙofa, bango ya sha soso an lulluɓe shi da yadi, ƙubbar kuma an toshe ta da silin mai ƙananan huji. Mai sarewa ta busa, sautin ya faɗi a gabanta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Muka kai shirun farko, muka jira. Ba abin da ya dawo sai ƙugin fanka.

Sai ga Yaya da hular kwano a hannu, baki har kunne, yana jiran yabo.

"Yaya, ina amsa-kuwwar?"

"Na yi maganinta, Auta. Laburare ne fa, ba kogo ba."

Na cika na batse. Na tuna masa na aika masa da takardun kiɗan tun bara, har na zana masa inda zauren zai amsa. Ya ce ya gani, ya ɗauka irin salon maganarmu ne na masu fasaha. A wurinsu masu zanen gini, in ji shi, amsa-kuwwa ciwon gini ce, kuma masu karatu sun daɗe suna kuka da ita. Daga nan ya kawo shawarar da ta fi laifin ciwo: wai akwai na'urar da ke yin amsa-kuwwa, zai sa a ɓoye ta bayan kantar littattafai, ba wanda zai gane.

Na ce ya je ya binne ta inda ya binne ta gasken. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ko a jikinsa.

Mai babban goge, dattijo mai son zaman lafiya, ya ba ni baki, ya ce mu yanke shirun mu haɗe kiɗan, kowa ya huta. Na ƙi. In na yanke, na taya Yaya rufa asiri ke nan, kuma na goge Umma daga kiɗan da na yi dominta. Na ce wa makaɗan su bar kowane shiru yadda yake, kada wanda ya kuskura ya yi gaggawa.

Ranar buɗewa zaure ya cika. Makaɗan suka kaɗa gaɓar farko, suka ɗaga hannu, suka jira. Mutane suka fara kallon juna. A shiru na biyu wani ya tafa, ya zaci an gama. A na uku wata ta yi dariya. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, amma idona na kan Yaya a sahun gaba. Tun yana murmushi har ya daina. Can na ga ya ɗaga kai yana kallon silin ɗinsa, bai sauke ba har aka gama.

Tafin da aka yi na ladabi ne. Jama'a suka watse wajen lemo, na tsaya ina tattara takardu.

Yaya bai fita ba. Ya taka zuwa tsakiyar zauren, daidai inda Umma take tsayawa. Ya tafa sau ɗaya, ya kasa kunne. Sannan ya karanta baitin farko na littafinta, ashe bai manta ba, ya yi shiru yana jira kamar yadda take yi.

Ya daɗe a haka kafin ya juyo, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Auta, ba ta amsa ba."

Na rungumi takarduna na nufi ƙofa. Na ce masa yanzu ai sai a yi karatu lafiya.