Ramin Ishbel

A tsibirinmu na Islay baƙar ƙasar fadama ce itacen wutarmu. Mukan yanka ta kamar tubali, iska ta busar, mu dumama ɗaki da ita. Masu yin giyar wiski kuwa da hayaƙinta suke turara tsiron sha'ir, kuma ba ta taɓa isarsu. Suka lallaɓa mai gandun da fadamar take ciki ya kafa doka: duk ramin da ba a yanke daga kai zuwa ƙarshe ba kafin Mayu ta fita, ya zama nasu.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya a sama yana taka ƙarfen yanka, ɗaya a cikin rami yana cafewa yana jefawa kan tudu. Yayata Ishbel ce mai cafe wa mijinta Torquil tun aurensu. A hunturun bara muka binne ta.

Ranar fara yanka na sami Torquil a bakin raminsu, na naɗe hannun riga zan sauka.

"Ina zuwa, Morag?"

"Ina kuwa? Ko kana jira tumaki su cafe maka?"

"Wurin Ishbel ne. Ba mai taka shi."

"Ishbel tana kabari, tsoho mai taurin kai! Ramin ubanka za su ƙwace!"

Ko kallona bai yi ba. A wurinmu ba a shiga ramin wani sai da izininsa, don haka na koma gida ina kuka ina zaginsa.

Shi kaɗai ya yi ta fama. Ya taka ƙarfe, ya sauka da gwiwarsa mai ciwo, ya ɗauka, ya jefa, ya rarrafo sama. Maza suka je roƙonsa, har limamin cocinmu, duk ya sallame su. Mayu ta fita bai kai rabi ba. Ɗan abin da ya yanka ma ruwan sama ya jiƙe shi, ya koma taɓo.

Injin masu wiski ya zo, kafin rana ta yi tsaka ya cinye ramin, har gurbin da yayata take tsayawa. Daga gida nake kallo, haushi ya hana ni barin taga.

Da sanyi ya dawo na cika kwando da busasshiyar ƙasarmu na kai masa. Na tarar da shi a ƙofar gida, ba riga mai kauri, iska tana kawo hayaƙi daga bututun masu wiski. Murhunsa a mace, ko toka mai ɗumi babu.

"Shiga ciki, za ka kashe kanka," na ce.

Ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Tamu ce suke ƙonawa yau," ya ce. "Ta can ƙasa, inda take sa ƙafa. Bar ni tukuna, Morag, kafin iska ta juya."