Kawu Ya Nemi Izini

"Mama, wai Kawu likita ne da gaske? To me ya sa ba shi da marasa lafiya, sai ɓeraye?"

A bakin ƙofar ɗakin bincikensa 'yata ta jefo min wannan tambaya, da ƙarfi kuwa, ga ɗalibansa biyu tsaye cikin fararen riguna. Na toshe mata baki, su kuma suka juya wa bango fuska suna ƙunshe dariya.

Kawun nata yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Farfesa ne, bincikensa a kan cututtukan jini da garkuwar jiki. An ce da wuya a buɗe wani rubutu a fanninsa, ko daga wace ƙasa ya fito, ba a tarar an kafa hujja da aikinsa ba. Ni dai ba wannan ya kawo ni ba. Yarinyar ce ta ɗashe, da ta ɗan yi gudu sai haki, likitan yara ya ce a gwada jininta. Duk sanda na kai ta, tana hango allura sai ta shige ƙarƙashin benci. Raina kuwa ba irin ciwon da bai raya min ba. Na ce bari in kai ta wurin wanda take jin maganarsa.

Tun a waya na ja masa kunne: "Yaya, ka ce mata ba zafi, shi ke nan."

Ya tsuguna a gabanta. Mamana yake ce mata, don sunan mahaifiyarmu ta ci.

"Mamana, jini kaɗan za a ɗiba."

"Da zafi?"

"A mafi yawan yara zafin ba ya daɗewa. Amma ba zan ce babu ba, wani lokacin ma wurin kan ɗan kumbura."

Na taka masa ƙafa. Bai ma ji ba. Bakinsa ya riga ya kama hanyar da ya saba bi shekara da shekaru da masu ba da jini don bincike.

"Kuma ki sani ba dole ba ne. Kina da damar ƙi, kina iya fasawa a kowane lokaci, ba abin da za a yi miki."

Ta dube shi, ta dube ni, ta naɗe hannaye a ƙirji.

"Na ƙi."

"Yaya! Wannan 'yata ce fa, ba 'yar sa-kai ba!"

"Baki ne ya saba," ya ce yana sosa ƙeya.

"To ce mata wasa kake. Ku riƙe min ita."

"A'a. Tunda na faɗa, ba mai danne ta a ɗakin nan."

Sai aka koma ciniki. Ya yi mata tayin alewa, ta ƙi. Ya ce zai nuna mata ɓerayen, ta ce ai wari suke. Can ta ce, "A fara ɗibar naka."

Ya naɗe hannun riga ya zauna. Mai ɗibar jinin ta ɗaura masa roba a damtse, sai ga babban Farfesa ya kawar da kai, ya runtse ido, gumi na tsattsafo masa a goshi. Yarinyar ta matsa ta dafa gwiwarsa.

"Kawu, kana iya fasawa fa."

Bai fasa ba, amma "wash" ɗin da ya saki har waje an ji. Ita kuwa ta miƙa hannunta don kanta, bisa sharaɗin za a nuna mata jininta a madubin likita. Ta leƙa ta daɗe, ta ce nata ya fi na Kawu kyau.

Sakamako ya fito, ƙarancin jini ne kawai, aka rubuta mata maganin ruwa. Na yi hamdala, har da ƙwalla.

Sai dai yanzu kullum na ɗebo maganin a cokali, sai ta naɗe hannaye ta ce tana da damar ƙi. Haka wanka, haka kitso. Babanta ba ya taya ni da komai sai dariya.

Don haka 'yar'uwa, in kina da mai bincike a dangi, ki girmama shi, ki yi alfahari da shi. Amma ranar allura ki ba shi riƙon jaka a waje, kada ki kuskura ki bar shi ya yi wa yaronki bayani.