Jirgin Karan Hamma

A zamanin Turawa, Hamma mutumin Dudunni ya taɓa raka jakan gyaɗa zuwa Kano, ya ga jirgin ƙasa sau ɗaya tak. Shi ke nan ya zama masanin jirgi, daga Kusada har Kankiya ba mai ja da shi.

Da kaka ya zaɓo busasshen karan dawa, ya fere totuwarsa ya yi taragu, ya sarƙe su da ƙayar aduwa. Ya kankare sakaina ta zama ƙafafu. Hanyar kuwa da sillen kara ya shimfiɗa ta, daga gindin rumbu zuwa turken akuya, yana auna faɗinta da ɗan yatsa.

Matarsa Kubura ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. In zai tashi, a kai mani daddawa Kano."

Ran da ya tara maƙwabta kallo, wani tsoho ya taɓe baki ya ce, "Mu dai mun ji na Bature hayaƙi yake yi."

Abin ya sosa ran Hamma. Ya ɗebo garwashi a murhu, ya cusa cikin kan jirgin. Hayaƙi kam an samu, har dangar gidan ta taya.

Ana ta ɗauko ruwa, tsohon na gefe yana jinjina kai. "Gaskiya, Hamma, naka ya fi na Bature."